Dutsen Kankara na Turkawa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin ƙunshin Hanan, 'yar baffana, kuma ko da na so in manta, tsofaffin unguwarmu ta Utaibiyya ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta layinmu sai wata ta leƙo ta taga ta ce, "Duktura, an buɗe mausim?" (Ni ba likita ba ce. Tabarau da yawan shiru ne suka jawo mini sunan tun ina firamare.)

Sai na fara gaya muku wani abu game da bakina. A Makka aka haife ni, a Makka aka haifi Baba. Kakata ce aka goyo daga ƙasar Hausa, aka biyo da ita ta Sudan tana jaririya, kuma ita kaɗai ce a gidanmu take Hausa ba gauraye. Mu yara ana yi mana Hausa, mu mayar da Larabci. Da na girma sai kunya ta kama ni, na ce zan gyara. To amma ni komai ta littafi nake gyara shi. Na sa aka kawo mini ƙamus daga Kano, na karanta duk abin da na samu, har na kai ina rubuta Hausar da ba a samun kuskure a cikinta. Kowace ƙugiya ina sa ta a wurinta, ta ƙ, ta ɗ, ta ɓ. Hannuna ya ƙware. Bakina ne ba wanda ya kai masa labari. In na buɗe shi, ƙofa ta koma kofa, ƙasa ta koma kasa. A gida an saba da ni, in na ce a rufe kofa ba wanda ya taɓa rufe wani abu dabam, don haka na ɗauka matsalar ba ta kai a kula ta ba.

A jami'a ina sashen kula da baƙi da yawon buɗe ido. A shekarar ƙarshe dole kowa ya yi horon aiki. Yawancin 'yan ajinmu otal-otal ɗin gefen Harami suka nufa. Ni kuwa aka zaɓe ni zuwa wani wurin shaƙatawa a duwatsun Turkiyya, inda mutane ke ɗaura katako a ƙafa su zamo daga kan dutse a bisa ƙanƙara. Wurin ya faɗaɗa. Sun buɗe sababbin gangare, sun cire tsofaffin kujerun igiya da ke kai mutane sama sun sa masu sauri, masu murfi, masu ɗumama mazauni. Sun kuma kafa injunan da ke feso ƙanƙara, saboda haka lokacin wasan da a da yake ƙarewa da wuri yanzu yana jan ƙafa har sanyi ya wuce. Larabawa sun yi yawa a can, ana neman masu jin Larabci da suka san yadda ake tafiyar da dogon layi ba tare da an yi dambe ba. Wanda ya tashi a Makka kuwa, in bai san komai ba ya san layi.

Ban taɓa ganin ƙanƙara tana saukowa ba. Abu mafi sanyi da na sani a duniya shi ne na'urar sanyaya ɗakin karatu. Amma na karance wurin nan tas, har sunan kowace kujera da yawan mutanen da take ɗauka. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so tafiyar nan ba.

Baba ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ki tambayi Kakarki. In ta ce e, ni wane ne?"

Kaka tana da doka guda. Hira ka yi mata da kowane yare, amma roƙo sai da Hausa. Ta ce Larabci na masallaci ne da kasuwa, in kana son abu a hannunta ka nema da harshen da aka yi mata tsawa da shi tana yarinya. Na yi ta jan ƙafa saboda kunya, har sashenmu suka ce ranar Lahadi za su rufe sunaye. Kafin nan kuma Kaka ta kwashe kayanta ta koma unguwar Kudai gidan Baffa, saboda bikin Hanan. Ba ni da wata dama sai ranar ƙunshi.

Na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na yi wa kaina alkawari ba zan sa kalmar Larabci ko ɗaya ba, in burge tsohuwa. Telefirik, wanda kowa ya sani saboda na Ɗa'ifa, na mayar da shi "kujerun da ke tafiya a kan igiya". Ƙanƙarar da ke saukowa daga sama kuwa, ƙamus ya ce mini "dusar ƙanƙara". Na duba dusa, na ga abincin awaki ce, na ce wannan ba ta dace da jawabi a gaban manya ba, na cire ta. (Ku riƙe wannan. Da na bar wa awaki dusarsu da ba ku ji labarin nan ba.) Kalma ɗaya na bari ta Larabci, mausim, wato lokacin da ake yin abu a shekara, don na sha jin Kaka tana faɗarta a tsakiyar Hausarta. Abin da na manta shi ne a bakin Kaka, da bakin duk wanda ke Makka, mausim guda ɗaya ne a duniya: aikin Hajji. Na haddace jawabin daga farko har ƙarshe a ɗakin karatu, inda ba a magana. Ko sau ɗaya ban faɗe shi da murya ba. Na kuma tara hotuna a waya, in magana ta gaza hoto ya taimaka.

A ƙofar falon mata na tarar da Goggo Asabe, ƙanwar Baba, da kwando a hannu.

"Jawwal," in ji ta, tana nuna wayata.

"Goggo, hotuna zan nuna wa Kaka."

"Hotuna ne dai ba ma so. Mata sun cire mayafi. Saka."

Na saka wayar a kwando. Na ji kamar na saka ƙafata ɗaya.

Falon cike yake, ƙamshin turaren wuta da lalle har ya yi nauyi. Hanan tana tsakiya an miƙe mata hannu da ƙafa, ba ta iya ko sosa hanci. Kaka tana kusurwa a kan katifa, tsofaffi sun kewaye ta. A damanta Hajja Talatu, aminiyarta mai ciwon gwiwa, wadda 'ya'yanta ke ba alhazai hayar ɗakuna a nan Kudai. A hagunta uwar ango, wata doguwar Hajiya da ta zo daga Kano musamman, wadda tun da ta iso ba a ga haƙoranta ba. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na matsa kusa da kunnen Kaka na fara raɗa.

"Ɗaga murya, Duktura," in ji ta. "Duk nan iyayenki ne. In abin kunya ne ma gara su ji daga bakinki."

Daidai lokacin masu kiɗa suka ajiye ganga za su sha shayi. Falon ya yi tsit. Zan rubuta muku maganata yadda ta fito, ba yadda na haddace ta ba.

Na ce, "Kaka, makaranta ta zabe ni in je aiki a dutsen kankara."

Hajja Talatu ta ce, "Masha Allah! Arfa?"

Ban gane me ya kawo Arfa ba. Na ɗauka kunnenta ne. Na ci gaba da abin da na haddace.

"Wuri ne da mutane ke zuwa daga kasashe da yawa saboda kankara. A da sai an sha wahala kafin a hau. Yanzu an sa sababbin kujeru, mutum ya zauna kawai, igiya ta kai shi har saman dutse."

Hajja Talatu ta dafa gwiwarta ta ɗaga ido sama. "Alhamdulillahi da na ga wannan zamani. Yaushe aka sa? Bara da ƙafa jikokina suka hau."

"Kuma an fadada wurin," na ce, ƙarfin gwiwa ya fara zuwa mini ganin ana saurare. "An kuma tsawaita mausim. Yanzu yana kai wata biyar."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Wata me?"

Goggo Asabe ta ajiye kwandon wayoyi ta matso. "Ke, wane malami ne ya tsawaita mausim?"

"Ba malami ba ne, Goggo. Kamfani ne."

Aka yi salati a kusurwoyi uku na falon. Ni kuwa a raina na ce, ka ga amfanin shiri, har mamaki suke yi. Na ga ya kamata in fayyace wurin.

"Ba a nan ba ne fa. A Turkiyya ne."

Fuskar Hajja Talatu ta sauya nan take. "Turkawa sun buɗe nasu?"

"Sun dade da shi, Hajja. Gyara shi suka yi. Larabawa ma yanzu can suke tafiya."

"To mu da muka yi wa ɗakuna fenti fa? Wa zai kwana a ciki?"

Wannan tambayar ba ta cikin waɗanda na shirya wa amsa, sai na tsallake ta. Na kalli Kaka. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, idanunta sun yi ruwa, kafaɗunta suna ɗan motsi. Na ce a raina, wayyo, tsohuwa har ta fara kukan rabuwa.

Uwar ango ce ta yi magana a karon farko, a hankali, kamar alƙali. "Yarinya, ita kankarar, yaya ake yin ta?"

Tambayar da nake jira ke nan. Na gyara tabarau.

"Daga sama take saukowa, Hajiya, fara fat. Mutum ya hau can kololuwa, ya zamo kasa. In ya fadi ya tashi ya sake. Wasu tun safe har yamma suna yi. In an dawo, kowa ka gani fari tas."

"In kuma ba ta sauko ba?"

"Akwai inji."

"Inji."

"E. Shi ya sa mausim ya yi tsawo. Ba a jiran ta sama yanzu."

"A'uzu billahi," in ji Goggo Asabe. "Kyauta ake yi?"

"A'a, da tikiti. Akwai na yini daya, akwai na mausim gaba daya. Na mausim ya fi sauki ga wanda ya san zai yawaita."

Wata budurwa a bayana ta yi wani sauti kamar an taka mage. Na yi kamar ban ji ba, don na zo sashen da na fi so.

"Kuma hanyoyin kala-kala ne, kowa da gwargwadonsa. Koriya ta yara ce da sababbin shiga. Sai shudiya, sai ja. Baka kuwa ta wadanda suka dade suna yi ce, suka yi nisa sosai."

"Ke wacce za ki bi?" in ji Hajja Talatu, tana dubana sama da ƙasa.

"Ni koriya zan fara. Amma ina fata kafin in dawo in kai ja."

"Ji yarinya da buri. Ubanki fa?"

Na yi tunani tsakani da Allah. Baba yana da ƙarfi, yana ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai. "Baba zai iya baka," na ce.

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Goggo Asabe. "Ke kuma aikin me za ki yi musu?"

"Kula da baki."

"Da kin fara tun yanzu."

Baƙi nake nufi. Aka yi 'yar dariya, ni ma na yi murmushi don kar a ce ba ni da wasa. Amma na lura uwar ango ba ta yi ba, kuma na ga kamar ita ce ke ganin wurin na 'yan iska ne. Na ce bari in kawo mata shaida daga cikin gida, ta san 'ya'yan mutunci ma suna zuwa. Akwai irin wannan wuri na cikin gini a wani katafaren kanti a Dubai, Baffa ya taɓa kai iyalinsa hutu. Sai na juya na nuna amarya da hannu.

"Ai ga Hanan nan, ta sha zuwa. A Dubai, kafin a sa ranarta. Sau uku ta je kankara. Na farko da kuka ta dawo, amma ta ce ba ta yi da-na-sani ba. Yanzu ta kware. Ta ce in an yi biki ma za ta kai ango ya koya."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ni da na ƙare rayuwata a ɗakin karatu. Uwar ango ta sauke kofin shayinta a kan faranti, a hankali, har sai da ya yi ƙara. Ta juya ta dubi Hanan. Hanan ta buɗe baki, ta ɗaga hannuwa biyu cike da lalle, ta rasa da wanne za ta kare kanta, don ita Hausarta ko tawa ba ta kai ba. Mahaifiyarta ta miƙe tsaye riƙe da ƙirji.

"Sau uku," in ji uwar ango. "Me ta aikata?"

A nan Kaka ta saki mayafin. Ashe ba kuka take ba. Dariya ce ta fashe mata, irin wadda ba ta da sauti da farko, sai hawaye da bugun katifa. Sai da Hajja Talatu ta bubbuga mata baya kafin ta iya magana.

"Duktura," ta ce tana share ido, "abin nan da samari ke dakonsa a Mina, suna fasawa a zuba a ruwan alhazai, me sunansa?"

"Talj," na ce.

"Da Hausa."

"Kankara."

Falon ya tashi. Wallahi har masu kiɗa sai da suka kwanta. Hajja Talatu tana dariya tana cewa ɗakunanta sun tsira. Goggo Asabe ta zauna a kan kwandon wayoyi. Uwar ango ta yi ta ƙoƙarin riƙe fuskarta, ta kasa, muka ga haƙoranta a karon farko, har da na zinariya guda. Ni kaɗai ce ban san me ya faru ba. Ina durƙushe ina bin su da ido, ina sake duba jawabina a kai, ina neman inda nahawu ya karye.

Kaka ta kama haɓata. "Ƙanƙara," ta ce, wani abu ya ɗan fashe a maƙogwaronta sau biyu. "Ita ce mai sanyi. Kankara kuwa ita ce wadda muke roƙo in ciwo ya kama mutum, mu ce Allah ya sa kankarar zunubi ce. Tun ɗazu kina gaya wa surukarmu cewa Turkawa sun kafa injin wanke zunubi, ubanki na layin manyan masu laifi, amaryarta kuma ta je sau uku."

Na san kalmomin nan biyu. Shafinsu dabam a ƙamus, na san ma inda kowacce take. Na ji zafi ya taso daga wuyana har tabarau ya yi hazo. Na nemi ƙasa ta tsage, amma da ni na roƙa da bakina, kasa zan ce, ba za ta san da ita nake ba.

"Kaka, kin gane tun farko?"

"Tun kalmar farko. Ni na yaye ki, ban san bakinki ba?"

"To me ya sa ba ki tsayar da ni ba?"

"Tun da aka fara bikin nan ba wanda ya ba ni dariya, sai kukan tsadar kaya. Da ba ki taɓo amarya ba da har yanzu muna kan dutse."

Da hayaniya ta lafa, na tattara ɗan abin da ya rage mini na mutunci na ce, "To tafiyar fa?"

Ta daina dariya. "Ba zan aika jikata wurin abin da ba ta iya kiran sunansa ba. In kin ɓata a can, me za ki ce ya binne ki? Ranar da kika faɗe shi daidai, ki tafi."

Lahadi kuwa tana tafe. Na koma gida na kulle kaina a banɗaki ina fama da maƙogwaro a gaban madubi. Ƙamus ya ce a riƙe numfashi a saki harafin da ƙarfi. Na riƙe, na saki, abin da ya fito ya sa Baba ya buga ƙofa yana tambaya ko ƙashin kifi ne. (Labari ya riga ya kai masa. Kwana biyu yana wucewa ta gabana yana cewa, "A ba da hanya, ga na baƙar hanya.") Hanan ta aiko mini saƙo cewa ta yafe, amma in na yi aure ita za ta yi jawabi.

Ranar Asabar bayan la'asar na koma Kudai. Kaka tana shan ruwan sanyi, Hajja Talatu tana gefe a matsayin shaida. Na durƙusa, na cika ƙirji da iska, na rufe ido.

"Ƙankara."

Ta farkon ta fito. Na ji ta da kunnena, ƙwas, kamar an fasa gyaɗa. Ta biyun ta zame ta bar ni. Na sake, na sake, kullum guda ɗaya ce ke zuwa. In na kama ta gaba, ta baya ta gudu.

Kaka ta dubi Hajja Talatu. "Nawa kika ji?"

"Ɗaya."

"Rabi ke nan. To ki je ki yi rabin mausim."

Ta faɗa tana jiran in yi kuka. Ni kuwa na hau lissafi. Rabin mausim na da, ba zai isa a rubuta mini na yi horo ba. Amma an tsawaita shi. Rabin sabon ya kai abin da sashenmu ke nema, har da 'yan kwanaki a sama. Na gaya mata haka, a hankali, da Hausa.

Ta ajiye kofin ruwanta. Sannan ta ce, "Kin ga ɗan banzan injin nan ya yi rana."

Na tafi. Kujerun suna da ɗumi kamar yadda na karanta, layin kuma ko rabin na ƙofar Harami bai kai ba. A kwana na biyu na hau koriyar hanya, wadda yara ke bi suna cin alewa, na zamo ta da fuska. Da yamma na kira gida ina ɗingishi. Kaka ta karɓi wayar, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"An kankare?"

"Gwiwa dai an kankare ta," na ce.

"To madalla. Wannan karon kin faɗa daidai."

Tun daga nan duk abin da na rubuta sai na karanta shi da murya kafin in fita da shi gaban mutane. In kuma na ga kalma ta zo da dusa a jikinta, ina barinta da dusarta.